Rantsuwar zauren ƙwallo ta 1789 da zanen David: me ya faru, me mai zane ya ƙara?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare a Damagaram. A littafin da muke koyarwa da shi akwai hoton wakilan Faransa cike da wani zaure, kowa ya miƙa hannu yana rantsuwa, an rubuta cewa zanen Jacques-Louis David ne. Wata ɗalibata ta tambaye ni ko mai zanen yana wurin a ranar, na kasa ba ta amsa. Na kuma ji an ce bai gama zanen ba, alhali wanda ke cikin littafinmu cikakke ne har da launi. Don Allah ina gaskiyar lamarin, kuma me ya sa ake girmama wannan rantsuwa haka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ki gaishe mini da ɗalibar nan, domin tambayarta ita ce ta farko da ya kamata a yi wa kowane hoton tarihi. Abu uku kike son sani: ko David ya ga taron da idonsa, wane zane ne aka bari ba a gama ba, da kuma abin da ya ɗaukaka taron yini guda har ya kai wannan matsayi. Amsar ta farko gajeriya ce. Ba ya wurin. An yi rantsuwar ranar 20 ga Yuni 1789, shi kuwa sai a 1790 ya kama aikin. Amma kada ki ce wa yaran hoton ƙarya ne. Shaida ne mai ƙarfi, sai dai abin da yake shaidawa shi ne yadda mutanen 1790 da 1791 suka so a riƙa tuna ranar, kuma dalilin da ya hana a gama shi ya fi hoton kansa koyar da tarihi.

Abin da ya kai su zauren

A ƙarshen shekarun 1780 baitulmalin Faransa ya ƙare. Bashi ya yi wa masarautar katutu, kuma wani babban kaso nasa daga kuɗin da aka kashe ne wajen taimakon Amurkawa a yaƙinsu da Ingila. Ga shi damina ba ta yi kyau ba a 1788, ƙanƙara ta lalata amfanin gona a watan Yuli, sanyin da ya biyo baya ya yi tsanani, burodi ya yi tsada a birane. Manyan ƙasa sun ƙi yarda a ɗora musu sabon haraji. Da Sarki Louis na 16 ya rasa mafita, sai ya kira majalisar rukunai uku, wadda rabon da ta zauna tun 1614. Aka buɗe ta a Versailles, garin da fadar sarki take, ranar 5 ga Mayu 1789.

Rukunan su ne malaman coci, masu sarauta, da rukuni na uku, wato duk sauran jama'a, daga lauya da attajiri zuwa manomi da lebura. An ninka wa rukuni na uku wakilai, suka kai kusan 600, daidai da jimillar sauran biyun. Amma ninkin ba shi da amfani in dai za a bi tsohon tsari, inda kowane rukuni yake zama shi kaɗai ya jefa ƙuri'a ɗaya. Biyu za su riƙa kayar da ɗaya kullum. Rukuni na uku ya ce sai dai a zauna wuri guda, kowane wakili da ƙuri'arsa. A kan wannan aka shafe makonni shida ana ja-in-ja, ba a tsinana komai ba.

Ranar 17 ga Yuni haƙurinsu ya ƙare, suka sa wa kansu suna Majalisar Ƙasa, suka ce batun haraji ya koma hannunsu. Wanda ya fi tura su a kan wannan hanya shi ne Sieyès, malamin coci ne amma rukuni na uku ne ya zaɓe shi. Kwana biyu bayan haka malaman coci suka jefa ƙuri'a, masu son haɗewa da majalisar suka yi rinjaye da ƙyar. Fada ta ga abu na neman ƙwacewa.

Ranar 20 ga Yuni

Ranar Asabar ce, da safe, ana ruwa. Wakilai suka zo zauren da suka saba zama, suka tarar an kulle, sojoji na gadi. Dalilin da aka bayar shi ne ana gyara wurin saboda wani zama da sarki zai shugabanta da kansa. Su kuwa abin da suka fahimta shi ne ana shirin rusa majalisar, wataƙila har a kama wasunsu. Ba su da tabbacin haka, amma tsoron nasu na gaske ne, kuma in ba a riƙe wannan tsoro a rai ba, ba za a gane nauyin abin da suka yi ba.

Suka nemi wurin da zai ɗauke su. A nan kusa akwai wani zaure da aka gina a 1686 don wasan ƙwallon da 'yan fada ke bugawa da faifan hannu, wasan da tanis na yau ya samo asali daga gare shi. Dogon ɗaki ne, bango mai tsawo, tagogi can sama, babu kujerun zama. Ana danganta shawarar zuwa wurin ga wani likita daga cikin wakilai, Guillotin, wanda daga baya aka laƙaba sunansa ga na'urar sare kai. Shugaban majalisar a lokacin shi ne Jean-Sylvain Bailly, masanin taurari, mutum mai sanyin hali da bai taɓa zama ɗan tawaye ba.

Cikin zauren wasu suka kawo shawarar a tashi gaba ɗaya a tafi Paris, inda jama'a za su kare su. Da an yi haka, da an yanke igiya da sarki tun ranar. Jean-Joseph Mounier, lauya daga Grenoble, mai ra'ayin sassauci, shi ya kawo shawarar rantsuwa, kuma wani ɓangare na nufinsa shi ne ya hana wannan tafiya. Ina son ɗalibai su riƙe wannan: abin da aka ɗauka daga baya a matsayin mafarin juyin juya hali, mai neman kwantar da ƙura ne ya kawo shi. Ma'anar rantsuwar ita ce ba za su taɓa rabuwa ba, za su taru a duk inda hali ya kai su, har sai an kafa wa masarautar tsarin mulki a kan tushe mai ƙarfi. Kudurin ya ƙara da cewa duk inda wakilai suka taru, nan ne Majalisar Ƙasa. Bailly ya hau tebur ya karanta, suka amsa, sannan suka bi layi suna sa hannu. Adadin da aka fi ambata shi ne 576 daga cikin 577.

Ɗayan da ya ƙi shi ne Joseph Martin-Dauch, wakilin Castelnaudary a kudancin ƙasar. Ya rubuta sunansa, ya rubuta kusa da shi cewa bai yarda ba. Hujjarsa ita ce ba zai rantse zai aiwatar da abin da sarki bai amince da shi ba. Zaure ya kaure da ihu, sai da aka fitar da shi ta wata ƙofa don kada a taɓa shi. Amma majalisar ta bar sa hannunsa a cikin rajista, don ya zama alamar cewa ba a tilasta wa kowa ba.

Me ya ba ta wannan matsayi

Babu wanda ya mutu ranar, ba a harba bindiga ba, rantsuwar ma ba ta zagi sarki ba. Har kirarin fatan tsawon rai aka yi masa a zauren. To me ya canja? Kafin ranar, majalisa abar sarki ce: shi ke kiranta, shi ke sallamarta, shi ke da makullin ɗakinta. Da wakilai suka ce majalisa tana duk inda suke, kuma babu mai watsa su sai sun gama aikin da su suka ɗora wa kansu, sun cire ikon daga hannun mutum ɗaya sun mayar da shi ga al'ummar da ta turo su. Kuma rantsuwar ba ga sarki suka yi ta ba, kamar yadda aka saba. Junansu suka yi wa.

Kwanakin da suka biyo baya ne suka gwada ta. Ranar 22 ga wata suka taru a cocin Saint-Louis, mafi yawan malaman coci suka zo suka same su. Ranar 23 sarki ya yi zamansa, ya yi alkawarin wasu gyare-gyare, ya soke abin da majalisar ta zartar, ya umarci kowane rukuni ya koma ɗakinsa. Rukuni na uku ya ƙi tashi. Da jami'in fada Dreux-Brézé ya zo tuna musu umarnin, Mirabeau, ɗaya daga manyan wakilan rukuni na uku, ya mayar masa da amsar da ta shahara, cewa ba za su fita ba sai da ƙarfin wuƙar bakin bindiga. Lafazin ya bambanta daga mai ba da labari zuwa wani, don haka ma'anar kawai nake koyarwa. Ranar 25 wasu masu sarauta 47 suka shigo, ranar 27 sarki da kansa ya umarci ragowar su haɗe. Cikin mako guda fada ta janye.

Mutane sun fi sanin 14 ga Yuli, ranar da jama'ar Paris suka kama kurkukun Bastille. A ganina ba a raba su. Ba don jama'a sun tashi a Yuli ba, da sojojin da aka tara kewayen Paris sun iya murƙushe majalisar. Ba don rantsuwar Yuni ba kuwa, da tashin Yuli ya zama bore irin waɗanda aka saba gani a kashe, domin babu wata hukuma da za ta karɓi ikon da ya suɓuce.

Yadda David ya shigo

An haifi David a 1748, kuma kafin juyin ya riga ya zama babban mai zanen Faransa. Abin da ya fito da sunansa zane ne na 1784 a kan wani labarin Rum ta da, inda 'yan'uwa uku suke miƙa hannu ga takubban da mahaifinsu ya ɗaga, suna rantsuwar mutuwa saboda garinsu. Saboda haka da aka zo neman wanda zai zana rantsuwar Versailles, ba a yi dogon nema ba. A watan Oktoba 1790 wani wakili, Dubois-Crancé, ya gabatar da shawarar a ƙungiyar Jakobin, wata ƙungiyar siyasa ta masu goyon bayan juyin. Aka tsara karo-karo: mutum 3,000 kowa ya biya kuɗin lokacin liba 24, a ba shi kwafin bugawa, kuɗin kuma a yi babban zane da su.

David ya yi aikin da gaske. Ya je zauren ya zana bangonsa da tagoginsa, ya cika littattafan gwaji da tsayuwar mutane, ya nemi wakilai ya ɗauki kamannin fuskokinsu. Daga nan ya fitar da cikakken zanen alƙalami da tawada ruwan ƙasa, faɗinsa kusan mita ɗaya, aka nuna shi a baje kolin zane-zane na Louvre a watan Satumba 1791. Karo-karon bai tara abin kirki ba, sai majalisa ta yanke a ƙarshen wannan wata cewa gwamnati za ta biya, a rataye zanen a zauren majalisa. Aka ba shi wani tsohon coci kusa da fadar Tuileries ya yi aiki a ciki, domin ƙyallen zanen ya kai kusan mita 10 a faɗi, mutanen gaba kuma girman mutum sosai.

Abin da wannan ke nufi a fagen zane babba ne. A wancan zamani, zane mai wannan girma na sarakuna ne, ko labaran addini, ko jaruman Girka da Rum. David ya ɗauki lauyoyin larduna da kwat ɗinsu da safarsu, mutanen da ake gamuwa da su a titi, ya ba su wannan matsayi tun suna raye.

Ki duba hoton da kyau

Ki fara da Bailly. Yana tsakiya a kan tebur, takarda a hannu ɗaya, ɗayan hannun a ɗage, yana kallon mai kallo. Mutumin da ke karanta wa taro rantsuwa taron zai fuskanta, amma a nan mafi yawan wakilai suna bayansa da gefensa. David ya juya shi da gangan. Tunda a zauren majalisa za a rataye zanen, duk wakilin da ya ɗaga kai zai ga Bailly yana karanta masa rantsuwar shi ma. Hannuwa ɗaruruwa kuma duk sun nufi wuri ɗaya, har idon mutum ba ya iya tsayawa ko'ina sai ya komo kansa.

A gabansa akwai mutum uku rungume da juna. Mai farar riga ɗan zuhudu ne na Katolika, Dom Gerle. Na tsakiya limamin Katolika ne, Grégoire. Na ukun fasto ne na Furotesta, Rabaut Saint-Étienne. Bafaranshen wancan lokaci ya san nauyin wannan runguma: an yi wa 'yan Furotesta kisan gilla a 1572, an haramta addininsu a 1685, sai a 1787 aka sake amincewa da aurensu da haihuwarsu a hukumance. Amma Dom Gerle ba ya zauren ranar, domin sai a ƙarshen 1789 ya zama wakili. David ya san haka. Yana bukatar farar rigar don ya cika saƙon sulhun addini, sai ya sa shi. Haka ma Marat, ɗan jaridar da ake nunawa a taga ta sama yana rubutu: ba wakili ba ne a lokacin, jaridarsa ma ba ta fara fita ba sai a watan Satumba na wannan shekara.

A gefen dama za ki ga Mirabeau ya tako gaba, kai a sama, hannu a miƙe. Kusa da nan Robespierre ya dafe ƙirjinsa da hannu biyu. A Yuni 1789 Robespierre ƙaramin lauya ne daga Arras da kusan babu wanda ya san shi. Matsayin da ya samu a hoton na 1791 ne, lokacin da ya zama tauraron Jakobin. Sieyès yana zaune kusa da tebur, shiru, kamar mai nazarin abin da ya haifar. Wani wakili, Barère, yana gefen hagu yana rubuta labarin don jaridarsa. Akwai dattijo marar lafiya da aka ɗauko a kujera don kada rantsuwar ta wuce shi, akwai kuma Michel Gérard, manomi daga yankin Bretagne, ya haɗa tafin hannuwa kamar mai addu'a. Kowane mutum a sahun gaba an zaɓe shi ne don ya tsaya a madadin wani ɓangare na ƙasa.

Can sama iska ta kaɗa labule ta cusa shi cikin zaure, ta juya laimar wani ɗan kallo. Ta tagar hagu ana hango aradu tana faɗa wa cocin fadar sarki. An yi ruwa ranar, wannan gaskiya ne. Aradun kuwa magana ce David yake yi a kan mulkin da ke cewa daga Allah yake kai tsaye. A tagogin ne kuma za ki ga talakawa, mata da yara da sojoji, suna leƙe. Babu mace ko ɗaya a ƙasan zauren, kuma nan bai ƙara komai ba, bai rage ba, haka abin yake.

Aikinsa ya yi kama da na mawaƙin fada da ke wasa gwarzayen wani yaƙi: yaƙin an yi shi, mazajen na gaske ne, amma shi ke zaɓen wanda zai fara ambata, wani lokaci har ya sako sunan wanda bai je ba saboda gidansu ya cancanci a ji shi. Mai sauraro da ya san kan abin ba ya cewa ƙarya ake yi, ba ya kuma ɗaukar waƙar a matsayin rajistar waɗanda suka halarta.

Wurin da na fi tsayawa da ɗalibaina shi ne kusurwar dama ta ƙasa. Martin-Dauch na zaune, kai a sunkuye, ya harɗe hannuwa a ƙirji, shi kaɗai cikin ɗaruruwan masu miƙa hannu. David zai iya barinsa waje, babu mai tuhumarsa. Ya sa shi, kuma bai mayar da shi abin dariya ba. A wurina nan ne hoton ya fi gaskiya. Rantsuwar da ba a iya ƙin ta ba ta da daraja, kuma mutumin nan da ya ƙi shi ne hujjar cewa sauran da son ransu suka yi. Abin da ke sosa mini rai shi ne, shekara uku ko huɗu bayan haka, Faransa ta zama ƙasar da irin wannan ƙin yake kai mutum ga mutuwa. Shi kansa an tsare shi a wancan lokaci, amma ya tsira, ya rasu a 1801.

Dalilin da ya hana a gama

Babban zane irin wannan yana cin shekaru, siyasar Faransa kuwa tana canjawa cikin makonni. Tun kafin a nuna zanen alƙalamin, haɗin kan da yake yabo ya fara tsagewa. Mounier, mai shawarar rantsuwar, ya bar majalisa tun Oktoba 1789, daga baya ya bar ƙasar. Dokar da ta sa coci ƙarƙashin gwamnati a 1790, da wata rantsuwar da aka tilasta wa limamai, ta raba Katolikan Faransa gida biyu, wato rungumar da ke tsakiyar hoton ta riga ta warware. A Yuni 1791 sarki ya yi yunƙurin gudu aka kamo shi a Varennes. Ranar 17 ga Yuli 1791 dakarun tsaron ƙasa suka buɗe wuta a kan masu neman a tsige shi a filin Champ-de-Mars, kuma Bailly, wanda ya zama magajin garin Paris, shi ya ayyana dokar ta-ɓacin da ta ba da damar harbin. Ƙungiyar Jakobin ta rabe, Barnave, ɗaya daga manyan wakilan da ke cikin hoton, da mutanensa suka fice. Wata biyu bayan wannan jini aka rataye zanen alƙalamin a Louvre, yana nuna Bailly a matsayin uban ƙasa.

Duk da haka wakilan sun cika alkawari. Sun gama tsarin mulki ranar 3 ga Satumba 1791, sarki ya karɓa, suka watse a ƙarshen watan. Sai dai tsarin bai kai shekara ba. Ranar 10 ga Agusta 1792 aka kifar da sarauta, aka kafa jamhuriya a Satumba, aka kashe sarki ranar 21 ga Janairu 1793. Mirabeau ya rasu tun Afrilu 1791, aka binne shi da girma a Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa, sai a Nuwamba 1792 aka gano takardun da suka nuna yana hulɗa da fada a asirce, daga baya aka fitar da gawarsa. An sare kan Bailly ranar 12 ga Nuwamba 1793, na Barnave a ƙarshen watan, na Rabaut Saint-Étienne a farkon Disamba. Robespierre ya bi su a Yuli 1794.

David kuwa ba ɗan kallo ba ne. An zaɓe shi wakili a 1792, ya jefa ƙuri'ar kashe sarki, ya zauna a kwamitin tsaron da ke sa hannu a takardun kama mutane. Mutumin da ke wannan kujera ba zai iya tsayawa yana ƙawata fuskar Bailly da Barnave ba, alhali gwamnatinsa ta kira su maciya amana. In ya cire su kuma hoton ya tashi daga aiki, domin su ne ranar. Aikin ya tsaya tun 1792. Ya yi tunanin komawa kansa daga baya, amma a farkon mulkin Napoleon ya haƙura, ya koma zana sabon mai gida. Ya rasu yana gudun hijira a Brussels a 1825.

Abin da ya rage na babban ƙyallen yana fadar Versailles. Fuskoki huɗu kaɗai aka yi wa fenti: Mirabeau, Barnave, Dubois-Crancé da Gérard. Sauran layuka ne kawai, jikunan ma ba a sa musu tufafi ba tukuna, domin ƙa'idar makarantarsu ita ce a fara daidaita ƙirar jiki kafin a zana riga a kai.

Hoton da ke littafinku

Ban ga littafin ba, amma mai launi da aka fi bugawa ƙaramin zanen fenti ne da ke gidan tarihi na Carnavalet a Paris, wanda aka yi bisa tsarin zanen alƙalamin 1791, ana kuma jingina shi ga David ko masu aiki a ƙarƙashinsa. Akwai kuma wani babba da Luc-Olivier Merson ya yi a 1883 bisa wannan tsari, lokacin da aka mayar da zauren ƙwallon gidan tarihi. Yana bangon zauren har yau. Saboda haka maganganun biyu da kika ji duk daidai ne: tsarin hoton cikakke ne kuma na David ne, babban zanen da majalisa ta yi oda kuwa ba a gama shi ba. Ni fagena tarihi ne, don haka rarrabe hannun David da na almajiransa a kan fenti aikin masana zane ne, kuma a kansu nake dogara.

Yadda nake yi a aji shi ne, ba na fara nuna hoton. Ina fara karanta musu kalmomin rantsuwar, in ba su labarin ƙofar da aka kulle, in ce kowa ya faɗi yadda yake zaton wurin ya kasance. Yawanci sukan ce cunkoso, hayaniya, jiƙaƙƙun riguna, mutane na tsoro. Sai in fito da hoton, su da kansu suke ganin tsarin da aka saka a ciki. Daga nan in ba kowane rukunin ɗalibai mutum ɗaya daga sahun gaba, su binciko ko yana wurin, da abin da ya same shi kafin ƙarshen 1794.

Akwai tambaya ɗaya da nake roƙonki kada ki tsallake, musamman ga yaran ƙasar da Faransa ta taɓa mulka: su waye al'ummar da aka rantse da sunanta? Tsarin mulkin 1791 ya ba da ƙuri'a ga maza kaɗai, masu shekara 25 zuwa sama, waɗanda ke biyan harajin da ya kai ladan aikin kwana uku. Bai soke bauta a yankunan da Faransa ke mallaka ba. Bayin Saint-Domingue, Haiti ta yau, sun tashi da kansu a Agusta 1791, wata guda kafin a nuna zanen, kuma sai ranar 4 ga Fabrairu 1794 aka soke bautar, Napoleon ya dawo da ita a 1802. Grégoire, limamin da ke tsakiyar rungumar, yana cikin 'yan kaɗan da suka yi ta faɗa da bauta har ƙarshen rayuwarsa a 1831. In ɗalibar nan tana son ci gaba da bincike, ki ba ta shi, ta fara da abin da ya faɗa a majalisa game da 'yancin baƙaƙen fata na yankunan mallaka.